Tsakanin fushi da zare wuƙa: abin da ke cinye haƙurin matasan Maraɗi

Ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, a bakin tasha. Ɗan kabu-kabu ya sauke fasinja, aka miƙa masa kuɗi, ya duba tafin hannunsa ya ce, "Malam, cika mini, saura dala ashirin." Fasinja ya ce abin da suka yi da shi ke nan tun farko. Abokan sana'a huɗu ko biyar suna zaune bisa baburansu a inuwar bedi suna kallo. Murya ta fara tashi. Fasinja ya ambaci uwar yaron, wani daga cikin ƴan kallo ya yi dariya, hannun yaron ya tafi ƙugu. Daga zagin zuwa jini bai kai minti ɗaya ba.

Duk wanda ya san tashoshi da kasuwannin Maraɗi ya san irin wannan rana, ya kuma san abin da ake faɗa bayanta: zuciya ce ta ɗebe shi, aikin Shaiɗan ne, talauci ne, halinsa ne tun yana yaro. Kowace magana da ƙamshin gaskiya a cikinta, amma dukansu rufe zance suke yi, alhali nan ne ya kamata a buɗe shi. A ranar nan an yi gardamar dala ashirin sau ɗari a cikin gari, kuma kusan duka sun ƙare da tsaki da "Allah ya isa". Fushi kowa na yi. Abin da ya raba mai tsaki da mai zare wuƙa shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin tashin zuciya da motsin hannu. A wajen wani lokacin nan yana da tsawo, har ya ishe shi ya tuna da gidan kaso, da mahaifiyarsa, da Allah. A wajen wani kuwa an daɗe ana gutsure shi har ya ƙare. Masu gutsurensa sanannu ne, kuma yawancinsu abubuwa ne da hannunmu ke kaiwa gare su.

Birkin da ke ba mutum wannan ɗan lokaci yana cikin kai, a sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi. Shi ke auna abin da zai biyo baya, shi ke cewa dakata. Sashen da ke hura tsoro da fushi yana nuna da wuri, shi kuwa birkin ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Wannan na cikin dalilan da suka sa a ko'ina a duniya samari ne kan gaba a faɗan jini; alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kusan tara cikin goma na masu aikata kisan kai maza ne, kuma wajen takwas cikin goma na waɗanda ake kashewa su ma maza ne. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, lafiyar wannan birki magana ce ta tsaron ƙasa, ba ta likitoci kaɗai ba.

Ɓarnar farko tun a goye ake yin ta. Jihar Maraɗi na cikin inda tamowa ta fi yi wa yara illa a Nijar, kuma mun saba auna ta da awon damtse da sikeli. Abin da sikeli ba ya nunawa shi ne ƙwaƙwalwar da ke ginuwa daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, wadda ke buƙatar abinci mai gina jiki, da ƙarfen jini, da gishiri mai aidin, tana kuma buƙatar a yi wa yaro magana, a yi wasa da shi. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, an ɗauki yara 129 da tamowa ta tsumburar. Wasu daga cikinsu an riƙa kai wa iyayensu mata ziyara sau ɗaya a mako har shekara biyu, ana nuna musu yadda za su yi wasa da hira da yaran da kayan wasa na gida. Da aka sake bibiyar su suna da shekara 22, waɗanda aka yi wa ziyarar sun fi sauran ƙarancin shiga faɗa da mummunan tashin hankali. Awa guda a mako, da gwangwani da tsumma. Cibiyoyin lafiyarmu da ke raba abincin tamowa suna ganin uwayen nan duk mako. Ƙara wannan darasi a kan layin da suke bi ba zai ci kuɗin mota guda ta sintiri ba.

Sai duka. A nan ne za a fi yi mana gardama, domin kusan kowa zai ce an dake shi kuma ga shi ya zama mutum. Gaskiya ne, yawancin waɗanda aka daka ba su zama masu zubar da jini ba. Sai dai wani nazari da aka fitar a Amurka a 2016, wanda ya tattara binciken shekara 50 a kan yara fiye da 160,000, ya gano cewa yawan duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa, ba raguwarsu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ba ya koyon abin da ake faɗa masa lokacin da bulala ke sauka, abin da ake yi masa yake koya: wanda ya fi ƙarfi, in ransa ya ɓaci, hannu yake sawa. Ya fi muni idan dukan ba shi da ƙa'ida, yau a dake shi don ya fasa kwano, gobe a yi dariya a kan laifi iri ɗaya, jibi a dake shi don maigida ya dawo kasuwa babu ciniki. Yaron da ya tashi a haka jikinsa yana zama cikin shirin ko-ta-kwana. In ya girma, wanda ya taka shi a cunkoso da gangan ya yi, wanda ya dube shi raini ne, wanda ya yi dariya da shi yake. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane wannan saurin fassara kuskure a matsayin mugun nufi a cikin yara masu yawan faɗa.

Wanda ya tashi yana jin kukan uwarsa ta bayan zana shi ma an dake shi, ko da hannu bai taɓa jikinsa ba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna ɗan da ya ga ana dukan uwarsa ya fi zama cikin haɗarin dukan tasa matar. Shi ya sa shirun da unguwa ke yi, wai tsakanin miji da mata sai Allah, yana da tsada, kuma ba matar kaɗai ke biya ba. Haka yaron da aka kai almajiranci yana ɗan shekara shida ko bakwai, aka bar shi a hannun gardi wanda shi ma yaro ne: dokar da yake gani kullum ita ce babba ya ƙwace ƙanzon ƙarami. Karatun allo ba shi ne matsalar ba. Matsalar yaro ɗari a hannun malami ɗaya da ba shi da abin ciyar da su.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba a cika kawowa cikin wannan zance ba. Na ɗaya dalma. Gubarta tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana rage fahimta, tana ƙara gaggawa da rashin natsuwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen muninta a 2010, lokacin da yara wajen 400 suka mutu saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Tamu ta fi zuwa a hankali: fasa tsohon batirin mota ko na sola a tsakar gida, narka dalma kusa da inda yara ke rarrafe, da kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai, wanda sau da yawa asalinsa dutsen dalma ne. Na biyu bugun kai. Matashin da ya faɗi da babur ba hular kwano, goshinsa ya daki kwalta, ya suma na wasu mintoci, aka ɗinke shi aka sallame shi, daidai wurin birkin ya bugu. In bayan wata biyu iyalinsa suka ce ya canza, ya zama mai saurin hasala, ba ya jure hayaniya, to a mayar da shi wajen likita kafin a ce sammu ne.

Maganar ƙwaya tana buƙatar a yi ta dalla-dalla, don kuwa ana yawan haɗa komai a kira shi shaye-shaye. Tramol maganin ciwo ne na gaskiya. A likita ƙwaya ɗaya miligiram 50 ce, kuma ba a yarda babba ya wuce 400 a yini ba. Wadda ake sayarwa a tebur da bayan tasha kuwa 200 ce ko 225, wato biyu kaɗai sun kai iyaka ko sun wuce ta, alhali akwai mai jefa huɗu ko biyar cikin kofi tun da safe. Yawanci ba don maye ake farawa ba. Ɗan ga-ruwa, mai dako, mai noman ƙwadago, ɗan kabu-kabu da ke son ya cika kuɗin mai babur kafin dare, duk don su kashe gajiya suke sha. A sa'o'in farko mutum yana jin ƙarfi, ba ya jin yunwa, ba ya jin ciwo, kuma wanda ba ya jin ciwo ba ya tsoron faɗa. Amma mafi haɗarin lokaci shi ne in ta fara sakinsa: gumi, ciwon gaɓoɓi, hamma, rashin barci, da ƙunci wanda ƙuda ma in ya sauka masa sai ya ji kamar ya kashe wani. Dala ashirin a wannan sa'a ba dala ashirin ba ce, cikon kuɗin ƙwayar yamma ce. In aka haɗa ta da ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam, sai a sami mutumin da kunya da tsoro suka bar shi, wani lokaci ma ya wayi gari bai tuna abin da ya aikata ba. Sholisho da fetur da yara ƙanana ke shaƙa a tsumma suna cin ƙwaƙwalwa kai tsaye. Giya kuwa, duk da ba a son ambatonta a garinmu, tana nan, kuma a duniya babu abin sa maye da aka fi dangantawa da faɗa da dukan mata kamarta.

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne kulle yaro a ɗaki ko kai shi gidan mari a ce ya daina yau-yau. Yanke tramol farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana shan mai yawa yana jawo azabar jiki da ruɗewa, shi ya sa ake rage ta sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita, cikin makonni. Mai shan ta da yawa kuma yana iya faɗuwa da farfaɗiya. In hakan ta faru a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko madara, a nemi abin hawa zuwa likita. Sarƙa da bulala kuwa mun ga inda suke kaiwa a 2019, lokacin da ƴan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Wanda aka yi wa magani da azaba, azabar yake fitowa da ita.

Zafi, yunwa da rashin barci ba sai an yi dogon bayani ba. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, wuta na ɗaukewa, ɗaki ba ya kwantuwa, samari suna fada, wato majalisar hirarsu, suna shan shayi mai kauri har ƙarfe biyu na dare, da asuba kuma a fita nema. Binciken ƙasashe daban-daban ya nuna faɗa na ƙaruwa a ranakun tsananin zafi, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba birkinta ne ke fara sanyi. Tabin hankali kuwa, wanda ake saurin ɗora wa laifi, kasonsa kaɗan ne. Masu wannan lalura sun fi zama waɗanda ake jifa da duka a titi, ba masu kai wa wani hari ba.

Koma wa bakin tashar nan, akwai abu biyu da suka rage, kuma su ne suka mayar da cacar baki gawa. Na farko idon jama'a. Da su biyu ne kaɗai a kan hanyar da ba kowa, da wuya a wuce zagi. Amma ga abokai suna kallo, ga dariya, ga sanin cewa kafin magariba labari ya kai kowace fada, wataƙila ma da bidiyo a WhatsApp. Saurayin da ba shi da gona, ba shi da shago, bai yi aure ba, babur ɗin ma na wani ne, abin da ya mallaka a duniya shi ne kada a ce an raina shi ya ƙyale. Mun koya masa tun yana ƙarami cewa namiji ba ya kuka, in an dake ka ka rama ko ka dawo gida a ƙara maka. Ba mu koya masa yadda namiji ke juya baya ya tafi da mutuncinsa ba, alhali addininmu ya faɗa ƙarara: Manzon Allah (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokowa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Maraɗi da ta fitar da Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin kokowa na ƙasa a Tawa a 1975, ta san wannan darasi a aikace. A fili ƙato yana kayar da ƙato, sai ya miƙa hannu ya tashe shi, su rungumi juna, domin akwai alƙali, akwai ƙa'ida, kuma wanda ya faɗi bai zubar da girmansa ba.

Na biyu abin da ke ƙugu. Faɗan hannu yakan ƙare da kumburin ido, faɗa iri ɗaya da wuƙa yakan ƙare a makabarta da kaso. Yawancin masu yawo da wuƙa za su ce don kare kai ne, amma wanda ya san yana da ita ba ya ja da baya a inda da zai ja, abokin faɗansa kuma gobe shi ma zai ɗauko tasa. Shugabannin tasha da na ƴan kabu-kabu suna da ikon da jandarma ba su da shi: su hana layi ga duk wanda aka kama da makami. Mai zuwa gona da adda daban, mai zuwa fada da ita daban, kuma kowa a unguwa ya san bambancin.

To talauci fa? Yana ciki, amma ba ta hanyar da ake zato ba. Mafi yawan matalautan Maraɗi ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Abin da ke ƙona zuciya shi ne zaman banza, da ganin hanyar abinci ta toshe dare ɗaya, kamar yadda ya faru da dubban masu dako da ƙananan ƴan kasuwa a kan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, aka kuma sake rufewa a 2023. Jari kaɗai kuma ba ya gyara hali. A Monrobiya ta Laberiya an gwada wannan da maza kusan dubu ɗaya waɗanda aka san su da faɗa, sata da sayar da ƙwaya. Wasu aka ba su dalar Amurka 200, wasu aka sa su cikin zaman horo na mako takwas inda suke koyon gane alamun fushi a jikinsu, da dakatawa, da tsara gobe, wasu aka haɗa musu duka biyun. Bayan shekara guda, kuɗi zalla bai bar wani tasiri mai ɗorewa ba, amma waɗanda suka sami horo da kuɗi tare laifukansu sun ragu ƙwarai, kuma da aka koma bayan shekara goma an tarar bambancin bai ɓace ba. Masu ba da horon da yawansu tsofaffin ƴan titi ne. Fadojinmu suna da shugabanni, suna da lokacin zama, suna da asusu. Rumfar da za a yi irin wannan aiki a kafe take.

Abu mafi nauyi shi ne inda mutum ya yanke ƙauna daga samun hakkinsa. Manomi ya wayi gari ya tarar shanu sun kwana cikin geronsa saura mako biyu girbi. Makiyayi ya iso burtalin da kakansa ya bi ya tarar an nome shi, mashaya kuma an kewaye ta da lambu. Dokar ƙasa ta tanadi hanya: tun 1993 akwai kundin dokokin karkara, akwai kwamitocin kula da filaye daga ƙauye zuwa gunduma, akwai dokar kiwo ta 2010, hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki, sarakuna kuma ke fara yin sulhu kafin a je gaban alƙali. Inda abin ke lalacewa sananne ne. Ba a zo an ga ɓarna a ranar da aka yi ta ba, sai bayan kwana uku sawu ya bushe. An yanka tara bisa yawan garken mutum maimakon girman ɓarnar. An yi sulhu da baki ba a rubuta ba. An sa ranar sakin gonaki amma sanarwa ba ta kai ruga ba, ko ta kai alhali wake bai gama bushewa ba. Wanda aka zalunta sau biyu a wannan hanya, karo na uku ba wajen mai gari zai nufa ba. Jihar nan ta san ƙarshen wannan: a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, a watan Oktoban 1991, an kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yaran Fulani, a kan rikicin da ya faro tsakanin manoma da makiyaya. Ƴan bindigar da suka addabi Madarunfa da Gidan Rumji, waɗanda suka koro dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019, nasu tashin hankalin na lissafi ne, sana'a ce ta satar shanu da kuɗin fansa. Amma yaran da suke ɗauka daga cikin waɗannan suke fitowa: wanda aka kashe wa uba ba a yi shari'a ba, wanda garkensu ya ƙare, wanda ƙwaya ta riga ta kama.

Ko rabon faɗa ma yana da ƙa'ida, kuma yawancinmu ba daidai muke yin sa ba. Taron mutum goma suna ihun "a bari, a bari" ƙara wuta yake yi, don ƙara ƴan kallo ne. Riƙe mutum ɗaya ta baya a bar ɗayan a sake, miƙa shi ne ga wuƙa. Abin da ke aiki shi ne mutum ɗaya da ake jin nauyinsa ya kira yaron da sunansa, da murya ƙasa-ƙasa, ya tsaya a gefensa maimakon gabansa, ya ce, "Zo nan, ɗana, ina son magana da kai," ya janye shi daga idon abokansa, wani kuma ya tafi da ɗayan ta wata hanya. A zaunar da shi, kamar yadda hadisi ya koyar cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, a ba shi ruwa ya sha ko ya yi alwala. Kada a tambaye shi wa ke da gaskiya a lokacin, domin bugun zuciya da rawar jiki suna ɗaukar minti ashirin ko fiye kafin su lafa, kuma duk shari'ar da aka yi kafin nan sabon faɗa ce. Wuƙar a karɓe ta bayan ya zauna, a ba shugaban tasha ya ajiye. Maganar dala ashirin a bar ta sai bayan la'asar.